Tukwanen Da Na Toshe

Ba na jin za ni taɓa mantawa da safiyar Litinin ɗin da na kai hannu kan reshen furen takarda, ganye huɗu suka biyo yatsuna. Ban ja ba, ban girgiza ba. Shafawa kawai na yi kamar yadda na saba, sai ga su a tafin hannuna, sun yi rawaya, sun yi laushi kamar an tsoma su a ruwan zafi. Na duba tukunya ta biyu, haka. Ta uku ma kan reshenta ya sunkuya. Na tsaya da moɗa a hannu ina ƙirga tukwanen, kamar ƙirgar za ta gyara wani abu. Goma sha takwas ne, kuma babu ko ɗaya da ta yi kama da yadda aka bar mini ita.

Ku da aka ɗauka aiki bayana, na san Gwaggo Dije ta riga ta ba ku labarin nan wajen cika leda, ta sa masa gishiri da yaji yadda ta ga dama. Gara ku ji shi daga bakin mai shi. Wata huɗu ke nan da faruwarsa, amma har yau in na ga ganye ya yi rawaya sai na tsaya na duba.

Ga wanda bai san wurin ba, lambun reno ne na sashen gandun daji a Isa, inda muke renon ƙananan itatuwa a leda, dalbejiya da bagaruwa da turare, a raba wa ƙauyuka in damina ta faɗi. A samanmu akwai ofisa, Malam Isiya, shi ke sa hannu a kowace takarda. Ƙarƙashinsa akwai heluma, wato shugaban ma'aikatan lambu, Baba Tunau, wanda ya fara aikin tun ba a haife ni ba. Sai leburori, da mata masu cika leda irin su Gwaggo Dije. Ni an ɗauke ni a matsayin mataimakiyar lambu saboda na gama sakandare, na iya rubuta sunan iri a allo. Sabon ma'aikaci yakan yi wata uku na gwaji. In ofisa ya gamsu, ya sa hannu a takardar tabbatarwa ta tafi Sakkwato. In bai gamsu ba, ba sai an yi faɗa ba, ranar ƙarshe sai a ce maka an gode.

Shekara ta biyu ke nan da ruwan sama ya yi mana rowa. Gulbi ya koma rairayi. A gonarmu ta Turba geron bai kai gwiwa ba ya ƙone, mahaifina ya sayar da shanun huɗa, hatsin da ake tuƙa tuwo da shi a gida daga aikina yake fitowa. Ni kuwa ina zaune wajen ƙanwar Inna a cikin Isa. Ruwan lambu tanka ke kawo shi sau biyu a mako, a juye a durorin da ke ƙarƙashin rumfa, a auna wa kowane sashe da garwa. Wata guda kafin zuwana an kama wani lebura yana fita da garwa ɗaya kullum. Ba sayarwa yake ba, iyalinsa yake kai wa. Duk da haka an tara ma'aikata, aka karanta sunansa, aka sallame shi. Kowa a lambu ya san wannan, kuma kowa ya san ba a wasa da zancen ruwa.

Furen takarda ba ya cikin abin da muke raba wa manoma. A takardun ofis sunansa bugambiliya, mu dai furen takarda muke cewa, domin abin da ke yin ja a jikinsa siriri ne kamar takarda, yana ƙara in iska ta taɓa shi. Baba Tunau ne ya yanko rassansa daga wani gida a Sakkwato, ya kafe su a rairayi wata da watanni har suka yi saiwa, ya mai da su tukwanen ƙasa. An shirya za a jera su a ƙofar ofis ranar da manya za su zo duba lambu. Da aka tura Baba Sabon Birni na mako uku ya taimaka a kafa wani ƙaramin lambun, sai ya damƙa mini su.

Ya ce, "Malama Luba," haka yake kirana in zai tsokane ni, "ga 'ya'yana. Moɗa biyu kowace, bayan kwana ukku-ukku. Kada ki ƙara, kada ki rage. Ki bar su cikin rana, ba su son inuwa. Kin ji ko sai na rubuta miki da Turanci?"

Na ce na ji. Ya hau mota ya tafi.

Ranar farko da na ba su ruwa ni kaɗai, na zuba moɗa biyu a tukunyar farko, na matsa gaba. Da na waiwayo sai na ga rairayin da ke gindinta ya yi duhu. Na durƙusa. Ruwa ne ke fita ta ƙasa, ɗis, ɗis, ƙasa na shanyewa. Na karkata tukunyar, sai ga huda a gindinta, babban yatsana zai shiga. Na duba ta biyu, ita ma da huda. Duk goma sha takwas ɗin.

To ku dubi gidan da na fito. A wajen Inna, tun da farin nan ya fara, ɗigon ruwa ba ya taɓa ƙasa a banza. Ruwan wankin gero na akuya ne. Alwala a kan tasa ake yi, a ɗauka a zuba wa kaji. Randa in ta tsage ba a yar da ita, Inna za ta cusa tsumma, ta narka guntun kwalta a gwangwani ta liƙe, randar ta sake shekara. Mace da ta bar tukunya na yoyo a gidanta, ko a rijiya sai an yi da ita. Abin da ya zo mini a rai shi ne maginiyar tukwanen ta cuci gwamnati, ta haɗa ta da fasassu, maza kuma ba su lura ba don ba su ke ɗebo ruwa ba. Wallahi har tausayin Baba Tunau na ji.

Ranar Asabar da aka tashi da azahar na tsaya. Na yayyaga tsohon zanena, na aro guntun kwalta a gida, na narka a murhun da muke dafa shayi. Ɗaya bayan ɗaya na jingina tukwanen a gwiwata, na cusa tsumma, na shafe. Ƙayar furen ta zane mini hannu har kafaɗa, ban damu ba. Da na ba su ruwa washegarin aiki, ko ɗigo bai fita ba. Na koma gida ina jin kaina. Ban faɗa wa kowa ba, so nake Baba ya dawo ya gani da idonsa, ya faɗa wa ofisa irin yarinyar da suka samu.

Kwana tara bayan toshiyar ne Litinin ɗin da na fara ba ku labari.

A makaranta an koya mana tsiro in ya yanƙwane ƙishi yake ji. A gona ma abin da idona ya gani ke nan shekara biyu. Na taɓa saman ƙasar tukunyar, ta bushe ta yi ɓawo, don zafin bazara ba ya barin saman komai da danshi. Na ce lalle moɗa biyu ta yi kaɗan. Amma ba ni da ikon ƙara ko cokali daga duro. Sai na fara rage ruwan shana na gida, in zuba a wata 'yar jarka, in ɓoye cikin mayafi in shigo da ita da safe, in rarraba musu, in fita da ita wayam da yamma. Talata, Laraba. Ina ƙara ruwa, ganye na ƙara zuba. Na riƙa share ganyen ina turbuɗewa a rairayi kafin kowa ya iso.

Gwaggo Dije ce ta fara magana. Tana zaune kan buhu tana cika leda, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "'Yar boko, 'ya'yan Tunau aski kike musu? Na ga sun koma kamar kan angon sallah."

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Ranar Alhamis da hantsi Malam Isiya ya zagayo duba. Mutum ne siriri mai yawan shiru, biro biyu a aljihu, ba ya ɗaga murya, shi ya sa muke tsoronsa. Ya tsaya gaban tukwanen ya daɗe. Ya sunkuya ya murza saman ƙasar da yatsa, ta yi gari.

Ya ce, "Luba, wagga ƙasa ta ga ruwa makon nan?"

Na ce, "Ta gani, ranka shi daɗe."

"Garwa nawa anka auna miki?"

Na faɗa masa.

"To ina sunka tahi?"

Na nuna tukwanen. Ya dube su, ya dube ni. Sannan ya ce, a hankali, "Sau ukku ina ganinki bakin ƙofa da abu cikin mayahi. Ban yi magana ba. Mi na ciki?"

Na ce jarka ce. Ya ce ta mece ce. Na ce ta ruwan sha. In na ce shigowa nake da ruwa ina ƙara musu, na karya umarnin heluma da bakina. In na yi shiru, na zama ɓarauniya. Zancen toshiya kuwa ko kusa bai zo mini ba, don ban ga abin da ya haɗa shi da wannan ba. Leburori sun daina aiki suna kallo.

Kafin azahar aka miƙo mini takardar tuhuma. Ga waɗanda ba su taɓa ganinta ba, Allah ya sa kada ku gani, takarda ce ta layi biyar da ke cewa ka bayyana a rubuce, kafin gobe war haka, dalilin da zai hana a hukunta ka. An kuma ce kada in sake kusantar rumfar durori. Da yamma na zauna bayan ɗaki na rubuta amsa sau uku ina yagawa. Abin da nake gani kawai shi ne ranar da za a tara mutane a karanta sunana, labari ya riga ni isa Turba, a ce ɗiyar da aka kai makaranta ruwa ta sata.

Ranar Juma'a da safe, ina tsaye da amsata a hannu, sai ga Baba Tunau ya shigo da jakarsa a kafaɗa, ƙurar hanyar Sabon Birni har girarsa. Tun a tasha aka tare shi da labari. Bai gaishe da kowa ba, ya wuce wajen tukwanen. Malam Isiya ya fito ya biyo shi, Gwaggo Dije ta taso tana karkaɗe zane.

Na zaci ganyen zai duba. Ko kallonsu bai yi ba. Ya durƙusa ya ƙwanƙwasa cikin tukunya da zobensa, ya kasa kunne. Ya ƙwanƙwasa ta biyu. Sai ya rungumi ɗaya zai ɗaga, ya yi nishi ya mai da ita.

Ya ce, "Kai! Wagga ta hi ni cin abinci."

Ya karyo tsinke ya soka cikin ƙasar har ƙarshe, ya zaro, ya kai hanci, ya yamutsa fuska. Sannan ya karkata tukunyar ya leƙa gindinta. Ya daɗe a haka. Na ga kafaɗunsa sun fara rawa, na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce.

Ya ce, "Dije, zo ki ga aiki. Wallahi ko mai gyaran taya na tasha bai iya wanga liƙi ba." Ya juyo. "Wa at toshe su?"

Na ce, "Ni ce, Baba. Yoyo suke. Duk fasassu ne aka kawo."

Gwaggo Dije ta dafe ƙirji ta zauna a ƙasa. Baba ya share hawaye da hularsa ya ce, "Fasassu! Malama, ni da kaina nit tsaya kan maginiya har ta huda su. Sai da munka yi hwaɗa, tana cewa ita ba ta taɓa lalata tukunya da hannunta ba."

Ya sa aka kawo ƙusa mai tsawo. Ya jingina tukunyar a kan bulo, ya soki kwaltar, ya zaro tsumman. Ruwa ya tsinke, baƙi, mai wari kamar kwatamin mahauta. Malam Isiya ya yi tsalle baya don takalminsa. Ruwan ya yi ta zuba har ya yi hanya a rairayi.

Baba ya ce, "Ranka shi daɗe, ga ruwan gwamnati nan, ba a taɓa ko ɗigo ba. Har da riba. Malama, kin ƙara musu ko?"

Na ce na ƙara. Ya ce daga ina. Na fito da jarkar daga mayafi, na ce nawa ne na sha. Nan dariyar ta tsaya. Gwaggo Dije ta ce, "Shi ya sa leɓenki ya tsage, ja'ira."

Na ɗauka shi ke nan na fita. Ashe da saura. Malam Isiya ya karɓi amsata ya ninke ba tare da ya karanta ba, ya ce, "Ba ta saci ruwa ba, na yarda, kuma na ji daɗi. Amma Baba, aikin wata takwas na, dukiyar gwamnati ta, kuma Sakkwato sun san da su. Gwajinta kwana ashirin ya rage. In rabinsu sunka tashi, za ni sa hannu. In ba su tashi ba, ban san abin da za ni rubuta ba."

Rabi, wato tara.

Tun ranar muka fara jinya, kuma a nan na koyi abin da ya kamata in tambaya tun farko. Baba ya ce saiwa numfashi take kamar mutum. Hudar nan ba yoyo ba ce, ƙofa ce: ruwa ya shiga ya jiƙa ƙasa ya wuce, iska ta biyo bayansa. In ruwa ya kwanta, saiwa ta shaƙe ta ruɓe, ba ta iya sha, sai tsiron ya yanƙwane da ƙishi alhali yana tsaye cikin ruwa. Ya ce furen takarda ma ya fi kowa ƙin jiƙa. In ka shagwaɓa shi da ruwa da taki, ganye kawai zai yi maka. Sai ya matsu a tukunya, ya sha rana, ya ɗan ji ƙishi, sannan yake yin ja.

Muka kwantar da kowace tukunya a gefenta, muna bubbugawa har ƙasar ta saki, don ba a jan furen takarda ta wuya, saiwarsa siririya ce kamar gashi, tsinkewa take. Mai lafiya fara ce. Ruɓaɓɓiya ta yi ruwan ƙasa, in ka murza sai fatar ta zame a yatsa. Baba ya ba ni reza ya ce in yanke duk wadda ta mutu, ya barbaɗa garin gawayi a wurin. Ya rage rassan sama sosai, ya ce saiwa kaɗan ba ta ciyar da babban gida. Muka haɗa sabuwar ƙasa, rairayin gulbi kashi biyu, jar ƙasa kashi ɗaya, tsohon taki ɗan kaɗan. A kan kowace huda ya kifa tsingaro, yadda ƙasa ba za ta fita ba amma ruwa zai wuce. Biyar tun a ranar ya ture su gefe, ya ce waɗannan sai addu'a. Na yi kuka. Ya ce in matsa da kukan daga kan tukunya, ta sha isasshe.

Abu ɗaya ya yi da ban zata ba. Da muka gama, ya sa aka ɗora tukwanen a kan bulo bibbiyu, ya jera ledojin 'ya'yan dalbejiya a ƙarƙashinsu, yadda duk abin da ya ɗigo zai faɗa bakin wani. Ya ce, "Shekara talatin ina barin ruwanga shina tahiya rairayi. Sai da wagga jika tawa ta kashe mani hure sannan nig gani." Bai sake zancen ba.

Sannan ya ce kwana bakwai ba ruwa, a inuwar rumfa. Wannan ya fi komai wuya. In na zo da safe na ga sandunan nan tsirara cikin busasshiyar ƙasa, hannuna da kansa yake neman moɗa. Da Baba ya lura, sai ya ɗaura wa moɗar igiya ya rataya a wuyansa, yana yawo da ita cikin lambu kamar tasbaha. Gwaggo Dije kuwa ta sa mini suna Sarauniyar Liƙi. In wani ya yi atishawa sai ta ce ya rufe hanci kada in gani in toshe. Leburori su kawo mini tsagaggen takalmi, wai a taimaka. Ina dariya tare da su, amma hankalina na kan tukwanen. Kowace safiya kafin in gaida kowa sai na bi tukwanen ɗaya-ɗaya ina neman ɗan tsiro a gaɓa.

Rana ta tara na ga na farko, ɗan mitsitsi, ja-ja, kamar kan allura. Rana ta goma sha biyu sun kai shida. Ta goma sha biyar, takwas. Daga nan abu ya tsaya. Huɗu suka bushe ƙarau, in ka lanƙwasa reshe sai ya karye. Saura ɗaya, ba ta tsiro ba, ba ta bushe ba. Kullum Baba zai kankare ɓawonta kaɗan da farce, ya ga kore, ya ce, "Barci take." Na ce, "Baba, a ɗan ƙara mata ruwa mana." Ya riƙe moɗarsa da hannu biyu ya ce, "Dije, ku taimake ni, ta dawo."

Abin da nake so ku riƙe daga wannan, ku sababbi, ba mai yawa ba ne. Kada ku yarda da saman ƙasa, ku soka tsinke. Ku ƙwanƙwasa tukunya, busasshiya tana amsawa, jiƙaƙƙiya shiru take. In kun ga abu a lambu da ya yi muku kama da kuskure, ku tambaya kafin ku gyara, don mutanen nan sun daɗe da aikin har sun manta akwai wanda bai sani ba. Kuma in sun fara tsokanarku, ku gode wa Allah. Na lura wanda za a rabu da shi ba a tsokanarsa, gaishe shi ake da ladabi.

Rana ta ashirin ta faɗo Alhamis. Malam Isiya ya fito da kansa bayan hantsi, ya bi layi yana nunawa da biro. Takwas. Ya tsaya kan ta tara. Baba ya kankare masa ɓawon ya nuna koren.

Malam Isiya ya ce, "Baba, tsiro nic ce, ba kore ba."

Baba ya ce, "Ranka shi daɗe, mai barci ai ba a yi mashi wanka a kai shi kushewa."

Malam Isiya ya koma ofis ya rufe ƙofa. Aka yi azahar, aka dawo, shiru. Na zauna kusa da Gwaggo Dije ina cika leda, ƙasar na zubewa ta gefe. Yau ko tsokana ba ta yi. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Ƙarfe uku saura kwata aka ce ofisa na kira. Na shiga na durƙusa daga bakin ƙofa. Takarda na gabansa, biro a kai.

Ya ce, "Takwas nir rubuta, don takwas nig gani. Ba ni rubuta abin da ban gani ba."

Na ce, "Haka ne, ranka shi daɗe."

Ya ce, "Na kuma rubuta cewa ba wanda ya gaya miki amfanin hudar, daga heluma har ni. Wanga laihinmu na." Ya juya biron a hannu, ya dubi taga. "Ranar da abin ya faru na tahi gida na ba tsohuwata labari, don ta yi dariya. Ba ta yi ba. Tac ce, yo wane mahaukaci ka huda tukunya cikin wagga shekara? Tac ce yarinyar ɗiyar mutane ta, an yi mata tarbiyya. Kwana ashirin ke nan kullum sai ta tambaye ni mai liƙi. Yau da sahe tac ce in na kore ki, in nemi inda za ni ci tuwo."

Ban san ko dariya ake so in yi ba. Na dubi ƙasa. Na ji ƙarar biro a kan takarda, sannan ya buga hatimi.

Na ce, "Ranka shi daɗe, wato in zo gobe?"

Ya ce, "Ki zo gobe. Ki zo Assabar. Ki zo Litinin. Tashi ki tahi, kin tsare mani ƙofa."

Na tashi. Da na fito, duk lambun sun bar aiki sun yi cirko-cirko a rana, Baba Tunau a gaba. Na ɗaga musu kai alamar e. Gwaggo Dije ta saki guɗa har tantabarun kan rumfa suka tashi.